Shiru Ba Sifili Ba Ne: Darasi A Kan Mazubin Da Ba A Cika Ba A Harsunan Kwamfuta

Gabatarwa

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, sukan cike takardar rahoton wata. A cikinta ake rubuta yawan matan da suka zo awo, da yaran da aka yi wa allurar rigakafi, da waɗanda suka kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda. Daga nan sai takardar ta wuce sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda ake shigar da alƙaluman cikin kwamfuta ta manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, kuma ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita, cikinsu har da Nijeriya. Waɗannan alƙaluma ne ake dubawa a Katsina da Abuja idan an zo tsara inda za a tura magani da ma'aikata.

To, yaya ke nan idan takarda ta iso alhali an bar gurbi ɗaya babu komai a cikinsa? Mai yiwuwa ne babu yaron da ya kamu da ƙyanda a wannan wata. Mai yiwuwa ne kuma yara da dama sun kamu, amma ma'aikacin da ke riƙe da rajista ya yi tafiya, ko ya manta. Mutum mai hankali idan ya ga irin wannan gurbi zai tambaya. Ita kuwa kwamfuta ba ta tambaya sai an umarce ta, kuma abin da za ta yi da gurbin ya danganta ne ga harshen da aka rubuta mata umarni da shi, da kuma shawarar da mai rubutun ya yanke tun da farko.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda harsunan kwamfuta ke ɗaukar abin da ba a ba shi ƙima ba, da yadda ake cike gurbinsa, da haɗarin da ke tattare da cikewar. Darasin ya shafi ɗaliban kimiyyar kwamfuta kai tsaye, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Daura a 2019, amma ya shafi duk mai tattara alƙaluma, ko malamin makaranta ne, ko akawu, ko malamin gona.

Mene Ne Mazubi?

Duk manhajar kwamfuta jerin umarni ce da ake rubutawa da wani harshe na musamman. Daga cikin waɗannan harsuna akwai rukunin da ake kira harsuna masu tafinta, domin kuwa wata manhaja ce ke karanta umarnin tana aiwatarwa nan take, kamar yadda tafinta ke fassara magana a daidai lokacin da ake yin ta. Fitattu daga cikinsu su ne Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987. Da Python, na Guido van Rossum, a 1991. Da PHP, na Rasmus Lerdorf, a 1995. Sai JavaScript, wanda Brendan Eich ya tsara a kamfanin Netscape a 1995, kuma shi ne harshen da shafukan intanet ke aiki da shi a cikin waya da kwamfuta. An yi waɗannan harsuna ne domin sauƙaƙa aiki, kuma wannan sauƙi shi ne tushen matsalar da ake magana a kai.

A cikin kowane ɗayansu, mai tsara manhaja yakan ware wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya raɗa masa suna, ya ajiye wani abu a ciki. Wannan wuri shi za a kira mazubi a nan, abin da ke cikinsa kuma ƙima. Ana iya kwatanta shi da kwanon awo a kasuwa: kwanon ɗaya ne, amma yanzu gero ne a ciki, an jima dawa. Alal misali, a JavaScript ana rubuta:

let kyanda = 12;

Ma'anar wannan layi ita ce, a ware mazubi mai suna kyanda, a zuba masa 12.

Mazubi yana iya kasancewa cikin ɗayan hali huɗu, kuma rarrabe su shi ne rabin darasin. Na farko, yana ɗauke da ƙima, kamar 12. Na biyu, yana ɗauke da sifili, wanda shi ma ƙima ne cikakke: an duba, an ƙirga, ba a sami ko ɗaya ba. Na uku, an raɗa masa suna amma ba a zuba masa komai ba, wato ba a ƙirga ba tukuna. Na huɗu, babu ma mazubin da ke da wannan suna. Sifili labari ne da aka bayar, hali na uku da na huɗu kuwa rashin labari ne. Masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, tun a shekarar 628 ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili a matsayin lamba mai zaman kanta, kalmar kuma ta shigo Hausa ne daga Larabci. Amma har yau harsunan kwamfuta da dama sukan rikita sifili da rashin labari.

Yadda Harsuna Suka Sha Bamban

Idan aka nemi a yi lissafi da mazubin da ba a cika ba, harsunan sukan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce tsayawa cak. Python haka yake yi. Idan aka ambaci sunan da ba a taɓa ba shi ƙima ba, sai ya dakatar da aiki ya fito da saƙon kuskure mai suna NameError, har ya nuna layin da abin ya faru. Yana kuma da wata ƙima ta musamman, None, wadda mai tsara manhaja ke sawa da gangan domin ya nuna cewa ba a san abin ba. Idan aka ce a tara None da 5, nan ma sai ya tsaya. Sabon ɗalibi yakan ji haushin wannan hali, alhali kuwa gata ne aka yi masa, domin kuskuren da ya yi ƙara ana gyara shi a ranar.

Hanya ta biyu ita ce yin shiru a ci gaba. A harsunan Perl da AWK, mazubin da ba a cika ba yakan zama sifili idan lissafi ake yi, ya zama rubutu marar ko harafi ɗaya idan rubutu ake haɗawa. PHP ma yakan ci gaba da aiki, sai dai ya ɗan yi tsokaci. A fitowarsa ta 8, a 2020, aka ɗaga wannan tsokaci zuwa matsayin gargaɗi, saboda yawan ɓarnar da sakacin ke haifarwa.

Hanya ta uku ita ce ta JavaScript, wadda ta haɗa biyun. Idan aka karanta sunan da babu shi sam, sai ya tsaya. Idan kuwa an raɗa sunan ba a zuba komai ba, sai ya ba shi wata ƙima mai suna undefined. Bayan wannan kuma yana da ta biyu, null, wadda ake sawa da gangan. Abin lura shi ne waɗannan biyu ba su da hali ɗaya a lissafi:

undefined + 5 yana ba da NaN, wato abin da ba lamba ba.

null + 5 yana ba da 5.

Number("") yana ba da 0.

Layi na uku shi ne mafi haɗari. Duk gurbin da aka bari babu komai a fom ɗin intanet yana isa ga manhaja ne a matsayin rubutu marar harafi, kuma da zarar an ce a mayar da shi lamba, sai ya koma sifili ba tare da wani gargaɗi ba.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Masanin kwamfuta ɗan Ingila, Tony Hoare, shi ya shigar da null cikin harshen ALGOL W a 1965. A wani jawabi da ya yi a Landan a 2009, ya bayyana hakan a matsayin kuskuren da asararsa ta kai dala biliyan ɗaya.

Kuskure Na Farko: Gurbi Ya Zama Sifili

Domin kauce wa tsayawar manhaja, masu tsara ta sukan tanadi wata ƙima da za a yi amfani da ita duk lokacin da ba a sami ta ainihi ba. Ita za a kira ƙimar cike-gurbi. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, kuma a wurare da yawa maganar gaskiya ce. Amma a duba wannan misali, wanda aka ƙirƙiri alƙalumansa domin darasi kawai.

A ɗauka akwai ɗakunan shan magani biyar a wata gunduma. Na farko ya ba da rahoton yara 12 masu ƙyanda, na biyu 8, na uku ya rubuta 0, na huɗu da na biyar kuwa sun bar gurbin babu komai. Ɗalibi ya rubuta a Python:

adadi = rahoto.get("kyanda", 0)

Ma'anarsa, a ɗauko adadin ƙyanda daga rahoto, idan babu a sa sifili. Jimla za ta fito 20, a raba gida biyar, matsakaici ya zama 4. Amma wuraren da aka ji daga gare su uku ne kacal, saboda haka matsakaicin gaskiya shi ne 20 a raba gida uku, wato kusan 6.7. Bayan haka, duk wanda ya dubi jadawalin zai ga wurare uku da babu cuta, alhali ɗaya ne kawai aka tabbatar. Sauran biyun ba a san halin da suke ciki ba, kuma sau da yawa wurin da ya yi shiru shi ne mafi nisa, mafi ƙarancin ma'aikata, wato inda cuta ta fi samun damar yaɗuwa.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta ga masu rubutu da Hausa. Idan wanda ya tsara fom ya rubuta sunan gurbin da ƙ mai lanƙwasa, wato ƙyanda, shi kuma mai lissafi ya nemi kyanda da k, to a wurin kwamfuta sunaye biyu ne daban. Da ba a sa ƙimar cike-gurbi ba, aka nemi gurbin kai tsaye, Python zai tsaya ya ce bai ga wannan suna ba, a gyara cikin minti ɗaya. Amma da yake an ce idan babu a sa sifili, sai dukkan wuraren biyar su fito da sifili, rahoto ya yi kyau, yara 20 su ɓace daga lissafi. Haka abin yake da ɗ da d, da ɓ da b.

Masana lafiya sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa a tsarin sa ido kan cututtuka ake da ƙa'idar rahoton sifili: dole asibiti ya aiko da rahoto a kan lokaci ko da bai ga mai cutar ba, ya rubuta sifili da hannunsa. Ita ma manhajar DHIS2 tana da zaɓi a kan kowane nau'in alƙalami, na ko a adana sifilin da aka shigar ko kada a adana. Idan ba a zaɓi adanawa ba, to asibitin da ya rubuta sifili da wanda bai rubuta komai ba za su yi kama da juna a wannan gurbi.

Tarihin yaƙi da shan inna a Nijeriya ya nuna girman al'amarin. A watan Yulin 2014 aka ga yaro mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar a ƙaramar hukumar Sumaila ta Jihar Kano, daga nan aka daina gani. A watan Satumbar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu. Sai ga shi a watan Agustan 2016 an sami yaran da ta shanye a Jihar Borno, binciken ƙwayar kuma ya nuna dangin wadda aka gani ce a Borno a 2011. Wato cutar ta yi shekaru tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga. Ba kwamfuta ce ta yi kuskure a nan ba, amma darasin ɗaya ne: yankin da ba a ji daga gare shi ba, ba a ƙirga shi cikin masu lafiya. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'in ƙwayar.

Kuskure Na Biyu: Sifili Ya Zama Gurbi

Kishiyar wancan kuskure ita ce a ɗauki sifili na gaskiya a matsayin rashin labari. A JavaScript an daɗe ana cike gurbi da alamar sanduna biyu, kamar haka:

let saura = rahoto.saura || 50;

Nufin mai rubutun shi ne, idan asibiti bai faɗi yawan kwalaben rigakafin da suka rage masa ba, a ɗauka yana da 50 ɗin da aka saba ba shi. Amma alamar ba ta tambayar ko akwai ƙima ko babu. Abin da take dubawa shi ne ko ƙimar tana cikin waɗanda harshen ke ɗauka a matsayin "a'a", kuma daga cikinsu akwai undefined da null da NaN da rubutu marar harafi, da kuma 0. Saboda haka asibitin da ya rubuta 0, wato maganinsa ya ƙare ƙaf, shi ne kwamfuta za ta nuna yana da kwalabe 50. Wanda ya fi kowa buƙata shi za a tsallake ranar rabo. Kalmar or ta Python ma haka take yi.

Domin maganin wannan ne aka ƙara wa JavaScript wata alama a 2020, wato alamar tambaya biyu:

let saura = rahoto.saura ?? 50;

Wannan ba ta cike gurbi sai idan ƙimar undefined ce ko null. Sifili kuwa ta bar shi yadda yake. PHP ya sami irin wannan alama a 2015, Perl kuma ya sami tasa, wato //, tun a 2007. A Python hanyar ita ce a yi tambayar a fili:

if saura is None:

Sai dai mai karatu ya lura, sabuwar alamar ta gyara rabin matsalar ne kawai. Har yanzu asibitin da bai ce komai ba ana ɗaukarsa mai kwalabe 50, kuma wannan zato ne.

Ranar Haihuwa Da Taswira

Ba a lissafin cuta kaɗai ake cin karo da wannan ba. Dattawa da yawa a karkara sun san shekarar haihuwarsu ne ta wani abin da ya faru, kamar yunwa ko naɗin sarki, amma ba su san rana da wata ba. Idan fom ɗin kwamfuta ya ƙi karɓar shekara ita kaɗai, sai ma'aikaci ya sa 1 ga Janairu. Shi ya sa a rajistoci da dama na ƙasashen Afirka, da na 'yan gudun hijira a ƙasashen Turai da Amurka, ake ganin tarin mutane masu wannan ranar haihuwa. A tsallaken iyaka, a Jamhuriyar Nijar, tsoffin takardun haihuwa sukan ce an haifi mutum wajen shekara kaza. Wannan "wajen" ta fi gaskiya, domin ta sanar da mai karantawa cewa kintace ne. Ranar 1 ga Janairu kuwa ba ta da wata alama da ta bambanta ta da ta wanda aka haifa a ranar da gaske.

Ita ma kwamfuta tana da tata ranar. Yawancin tsare-tsare suna ƙirga lokaci ne daga 1 ga Janairun 1970, saboda haka idan aka ba JavaScript null a matsayin kwanan wata, sai ya mayar da shi sifili, ya ba da wannan rana. Jaririn da aka manta ba a shigar da ranar haihuwarsa ba sai ya fito a rajista da shekara fiye da hamsin, ya faɗi daga jerin yaran da za a yi wa rigakafi.

Haka nan a taswira. Garin Daura yana kusan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da digiri 8 gabas da layin Girinwic. Idan aka shigar da Rijiyar Kusugu cikin manhajar taswira aka bar guraben biyu babu komai, kuma suka koma sifili da sifili, to rijiyar za ta bayyana a tsakiyar teku, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar ƙasar Gana. Wannan kuskure yana da sauƙin ganewa, tun da kowa ya san babu rijiya a teku. Wanda ya fi muni shi ne mai kama da gaskiya. Kamfanin MaxMind na Amurka, mai kintata inda masu amfani da intanet suke, ya kasance yana sa digiri 38 arewa da 97 yamma ga duk adireshin da ya san a Amurka yake amma bai san garin ba. Wurin ya faɗa daidai kan wata gona a jihar Kansas, mazaunanta kuma suka yi shekaru suna fama da 'yan sanda da mutanen da aka damfara, har aka fallasa dalilin a 2016, kamfanin ya mayar da wurin tsakiyar wani tafki.

Wani lokaci kuma ɓarnar nan take ce. A watan Janairun 2015 aka gano cewa manhajar Steam ta tsarin Linux tana da layin da ke share duk abin da ke cikin wata ma'ajiyar fayiloli, sunan ma'ajiyar kuma yana cikin mazubi. A wasu yanayi mazubin yakan fito babu komai, sai umarnin ya koma share komai tun daga tushe, wasu suka rasa fayilolinsu. Harshen yana da hanyar da za a ce a tsaya idan mazubi ya zo babu komai, amma ba a yi amfani da ita ba.

Abin Da Malaman Fiƙihu Suka Riga Suka Sani

Tun kafin a ƙera kwamfuta, alƙalan ƙasar Hausa suna fuskantar wannan tambaya a shari'ar gado, kuma mazhabar Malikiyya da ake bi a Daura ta tanadi amsa. Idan mutum ya rasu ya bar mata da ciki, ba a ɗaukar abin da ke cikin kamar babu shi; ana dakatar da rabon gado har ta haihu. Idan kuma mutum ya ɓata, ba a san yana raye ko ya mutu ba, ba a raba dukiyarsa don kawai an daina jin labarinsa. Ana jira har ya kai shekarun da galibi tsararrakinsa ba sa wucewa, wanda mafi shahara a mazhabar shi ne 70. Matarsa kuwa za ta kai ƙara, alƙali ya sa a yi cigiya, idan ba a same shi ba ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba.

A nan an ware wa rashin sani matsayi na kansa, daban da rai, daban da mutuwa. Har ila yau, da aka zo cike gurbin, ba kowa ne ya cike shi ba: mai iko ne ya yi, bayan bincike, da sanin kowa. Waɗannan su ne sharuɗɗan da ya kamata ƙimar cike-gurbi ta cika a manhaja.

Ƙa'idoji Biyar

Ɗaya, a tambayi abin da zai faru idan zaton ya kuskure. Idan manhaja ba ta san harshen da mai amfani da ita ke so ba ta nuna masa Hausa, ko ba ta san girman takarda ba ta zaɓi wanda aka saba, asarar kaɗan ce, kuma zai gani ya gyara. Irin wannan gurbi babu laifi a cike shi. Amma adadin marasa lafiya, da kuɗi, da makin jarrabawa, da nauyin yaro wanda ake auna magani da shi, ba a cike gurbinsu da zato.

Biyu, a dubi wurin da manhajar za ta yi aiki. Sa +234 a gaban kowace lambar waya daidai ne a mafi yawan Nijeriya, amma a kasuwar Mai'aduwa ko kan iyakar Kongolam akwai masu lambar Nijar, wadda ke farawa da +227, kamar yadda cinikin ma wani da naira ake yi, wani da sefa.

Uku, a bar rashin sani ya isa har ƙarshen lissafi da sunansa. A adana None ko null, a cire shi daga matsakaici, sannan a rubuta a rahoto cewa wurare uku cikin biyar ne suka aiko. Manhajar Excel ma haka take yi wajen fitar da matsakaici: tana tsallake gurbin da babu komai, tana ƙirga sifili. Saboda haka akawun da ya bi jadawali yana cike guraben da sifili domin ya yi kyan gani, ya canza sakamakon da hannunsa.

Huɗu, idan ya zama dole a cike, a sa alama. A ƙara wani mazubi a gefe mai nuna cewa wannan ƙima kintace ce, kamar "wajen" ta takardun Nijar.

Biyar, a kunna matakan tsanani da harshen ya tanada. JavaScript yana da "use strict" tun 2009, wanda ke hana a zuba ƙima a sunan da ba a raɗa ba. Perl yana da use strict da use warnings. Harshen Bash kuma yana da set -u. Rigakafi ya fi magani.

Aikin Gwaji

Ɗalibi ya rubuta gajeruwar manhaja da za ta karɓi makin ɗalibai biyar: 70 da 55 da 0, sai ɗaya da bai zauna jarrabawar ba saboda rashin lafiya, da ɗaya da takardarsa ta ɓata. Manhajar ta fitar da matsakaici, da yawan waɗanda aka ƙirga, da sunayen waɗanda ba a san makinsu ba. Idan matsakaicin ya fito 25, an faɗa cikin kuskure na farko. Idan ya fito 62.5, an faɗa cikin na biyu. Amsar da ake nema ita ce kusan 41.7, tare da bayanin cewa ɗalibai uku ne aka ƙirga.

Kammalawa

An ga cewa mazubi yana iya ɗaukar ƙima, ko sifili, ko ya zama babu komai a cikinsa, kuma harsuna sun bambanta wajen yadda suke ɗaukar hali na ƙarshe: wasu su tsaya, wasu su yi shiru su ci gaba. An kuma ga cewa ƙimar cike-gurbi shawara ce da mutum ke yankewa a madadin waɗanda bai taɓa gani ba, sau da yawa a layi ɗaya da ba wanda zai sake dubawa. Kafin mai tsara manhaja ya rubuta wannan layi, ya kamata ya san wane ne zai cutu idan zatonsa bai yi daidai ba. Idan amsar ita ce yaro a wani ƙauye na Baure ko Zango, to abin da ya dace shi ne manhajar ta ce ba a sani ba, a aika a tambayo. Matambayi ba ya ɓata.